Tsatsa a cikin idona

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce komai a shafin nan ba. Masu tambayar ina hotunan get da tagogi suka shiga, ga amsarku: jinyar ido na yi. Ni ne dai Nafi'u mai walda na Ƙofar Ruwa.

Shekara goma sha tara ina walda. Da kunne kawai nakan gane aiki ya kama, don walda mai kyau ƙararta kamar ana suyar ƙosai ce. Amma a layinmu an fi sanina da cire ƙarfe daga ido. Ina da mayen ƙarfe da na ɓalle daga tsohuwar sifika. Duk wanda ɓurɓushi ya faɗa wa a ido, wurina ake kawo shi. In buɗe idon, in matso da mayen, in nuna masa ɗan baƙin abu a jikin mayen, in ce, "Ya fita." Har Dokta suke ce min, ni kuma ina jin daɗi.

Wata Talata ina dukan wani tsohon ƙarfe da guduma, gilashina yana rataye a ƙusa, sai na ji wani abu ya soke ni a idon dama. Na ɗauko mayena, na ga baƙin abu ya manne. Na ce wa kaina ya fita, na koma aiki.

Bayan watanni sai dundumi ya fara. Da magariba ta yi, ko a lungun gidanmu na Madabo da aka haife ni a cikinsa sai na riƙa lalubar bango. Na ce hasken walda ne, zai wuce.

Sannan layin waldata ya fara kaucewa. Ina ganin ina kan gaɓa, in ɗaga gilashi in tarar na zuba wuta a gefe. Wani Alhaji ya dawo min da ƙyaure, ya ce, "Malam Nafi'u, anya kai ka yi wannan da hannunka?" Ranar ban iya cin abinci ba.

Matata Hajara ce ta tsare ni. Ta ce, "Baban Ummi, idonka na dama ba irin na hagu ba ne. Wallahi gobe sai asibiti."

Asibitin ido sai ka yi sammako. Kati, layi, benci, a ɗiga maka magani ka zauna kana ganin mutane dishi-dishi. Likitar ta daɗe tana haska idon, sannan ta ce, "Malam, sana'ar me kake yi?" Da na faɗa, sai ta tura ni hoto.

A hoton na ga wani farin ɗigo can ciki. Ta ce, "Ƙarfe ne. Ya huda ya shige, yana tsatsa, tsatsar ce take cin ganinka."

Na ce, "Ai na cire shi da mayen ƙarfe."

Ta ce, "Na saman ka cire. Wanda ya shige ciki, mayenka ba zai fito da shi ba."

Ni da nake kankare tsatsa kullum, ina shafa jan fenti don kada ta ci ƙofar mutane, ashe tana cikin kaina tana aikinta. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Kuɗin tiyata sai da janaretana ya tafi. An yi aikin, na yi kwana huɗu a kwance, ido a naɗe. Da aka kwance, nas ta miƙo min 'yar kwalba. Abin da ke ciki bai kai ƙwayar gero ba.

Alhamdu lillahi, ganin ya dawo, amma ba duka ba. Likita ta ce da na ƙara wata biyu, da sai dai haƙuri. Na koma aiki a hankali, layin waldata ya fara miƙewa.

Sai dai tun a gadon asibiti mutum ɗaya nake gani in na rufe ido: Malam Habu, tsohon maƙwabcina a layi, wanda ya fi kowa iya haɗa tankin ruwa. Shekara huɗu da suka wuce na sa masa maye, na ce masa ya fita. Bayan shekara idon ya mutu. Aka ce hawan jinin ido ne, wasu suka ce sammu. Ya bar sana'a.

Da na samu sauƙi na je gidansa. Na same shi a zaure. Na ce, "Malam Habu, ka tuna ranar da na cire maka ƙarfe?"

Ya ce, "Haba Nafi'u, ya za a yi in manta? Ai ka taimake ni ranar. Allah ya saka maka da alheri."

Na faɗa masa komai. Ya ce, "Ba mu sani ba ko shi ne. In ma shi ne, na yafe." Har yau godiyar nan tasa ta fi damuna.

Ina gode wa Allah, da Hajara, da likitar da nas-nas, da 'yan layinmu da suka riƙe min shago.

'Yan'uwana masu walda, ku sa gilashi ko guduma kawai za ku ɗaga. In abu ya faɗa ido, ko bai yi ciwo ba, ku je a haska, ku gaya wa likita ƙarfe kuke aiki da shi.

Ban san adadin mutanen da na buɗe wa ido da hannuna ba. Wasu ko sunansu ban riƙe ba. In kana cikinsu, ko ka san wani, don Allah a isar masa: da na ce maka ya fita, ban sani ba. Ka je a duba.