Ranar da na riƙe hannun Kaka

A gidanmu na Ƙofar Kibo, Kaka ta kwantar da ƙanena Sani a cinyarta, ta tsoma gashin kaza cikin man shanu mai ɗumi. Za ta ɗiga masa a kunne.

Kwana uku ke nan da yi masa aiki, aka sa masa ɗan bututu kamar ƙwayar shinkafa a kunne don ya riƙa ji. A gabana likita ya ce ko ruwa kada ya shiga, balle mai.

Inna tana tsaye, kunyar suruka ta hana ta magana. Ni da ko gaisuwa sai a sunkuye, na riƙe hannun Kaka.

"Ke Ladi, da man nan na raini ubanki."

"Kaka, kunnen Sani a huje yake. Man zai wuce ciki."

Ta dube ni, sannan ta shafe man a fasonta. "To, likitar Ƙofar Kibo. In maigidana ya kurmance, ke zan kama."

Kwana biyu ban iya cin abinci ba, sai da Sani ya ce, "Yaya, turmin nan ya cika ƙara."

Shekara hamsin ke nan. Ku fa, kun taɓa hana babba abu kuna tsoro?