Garin Gahawa a Damtsen Kawu

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon jinya a garin Sinnar, na zo gida hutu, aka shigo da Kawu jina-jina. Maƙwabcin gonarsa ya sare shi da adda a damtse kan rabon ruwa. Kafin in miƙe, Inna ta cusa garin gahawa cikin raunin, maganin da babu shi a littattafanmu.

Na hau wanke naman da ruwan gishiri don kada hannun ya ruɓe.

"Ke 'yar nan, kisa aka koya miki?" in ji Kawu. Ya kai min naushi da hannu mai lafiyar, haƙorina ya faɗa cikin kwanon ruwan gishirin. Ban daina ba.

Hannun ya tsira, ni kuma na karɓi difloma da giɓi. Har yau gahawar nan Kawu yake yi wa godiya.