Samirar Kaka a Bakin Teku

Jiya da hantsi na fito daga jirgin ƙasa na metro a Montreuil zan wuce gida, sai ƙamshin ɓaure ya tare ni a bakin kasuwa. Wani Balarabe ne ya jera su cikin akwatunan katako, sun nuna har wasu sun tsage. Yana ta cewa in ɗanɗana, ni kuwa hankalina ba ya wurin. Na koma 'yar shekara tara, ina zaune a bayan motar Baba, samirar Kaka a kan cinyata.

Bari in faro muku daga tushe. A Minguettes aka haife ni, can gefen Lyon, a hawa na goma sha ɗaya na wani dogon bene. Baba yana aiki a wata babbar ma'ajiyar kaya, Mama tana gida da ni da ƙanena. A shekarar da nake ba ku labari, mahaifiyar Baba ta zo mana daga Damagaram lokacin zafi, da buhunta na tsaraba da wata tsohuwar samira mai zanen furanni ja, bakin murfinta duk ya ɓaɓɓalle.

Kaka ba ta ga abin yabo a gidanmu ba ko ɗaya. Asansar ɗinmu, na'urar da ke hawa da mutane bene, cewa ta yi akwatin gawa ne mai tafiya sama. Ƙofofin maƙwabta kullum a rufe, ta tambaye ni ko rasuwa aka yi a benen. In ta gaida mutum a matakala, kafin ta kai ga tambayar iyali ya riga ya sha kwana. Mako biyu ta yi tana kallo. Ran nan muna cin tuwo da rana sai ta ajiye cokali. Da yake Baba ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Ni ta juyo ta kalla.

"Faɗa wa ubanki, in na tashi komawa da ke zan tafi. Ba ku da mutane a nan. Ba zan bar jikata ta tashi a inda ba wanda zai buɗe mata ƙofa ba."

Ku ji fa, ni aka yanke wa hukunci, ni kuma aka aika in isar da shi! Ina son Kaka, wallahi ina sonta, amma ko a mafarki ba na son rabuwa da Mama da ƙanena da lakwal ɗinmu, wato makaranta. Mama ta tashi ta shige kicin, na ji ta buɗe famfo don kada a ji kukanta. Baba kuwa mutum ne da bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba. Ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Hajiya, muna da mutane." Kaka ta ce mini, "Tambaye shi ina ya ɓoye su."

Dalilin tafiyarmu kudu ke nan. Da bakansi, wato dogon hutu, ya kama, Baba ya loda mu a tsohuwar motarsa, ya ce za mu bi bakin teku gida-gida, ba za mu kwana otal ko sau ɗaya ba. Muna fita daga Lyon Kaka ta ɗora mini samira a cinya. A gidansu na Damagaram, in aka kai wa mutum abu a kwano, ba ya mayar da kwanon wofi, ko ƙwayar gyaɗa ce sai ya saka. Ta raɗa mini cewa da wannan za ta gane mutanen ubana. Duk gidan da muka sauka za ta zuba tsaraba a ciki ta miƙa, ranar tafiya kuma ta ɗaga murfi ta gani. Ta kama kunnena ta ce in na kuskura na tsegunta wa wani, an gama magana, in fara haɗa kayana.

Gidan farko a Marseille ne, wurin wani Alhaji abokin Baba mai aika kaya gida ta jirgin ruwa. Tun daga ƙasan bene muka ji ƙamshin miyar kuka. Shi da matarsa Hajiya suka sauko har titi, aka yi gaisuwa irin ta gida, doguwa, har motocin bayanmu suka fara oda. Suka bar wa Kaka ɗakinsu da gadonsu. Da la'asar Alhaji ya kai mu wani tudu, a nan Kaka ta fara ganin teku. Ta tsaya ta riƙe haɓa. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana jiran layin ruwa! Da aka ce mata ba a sha, ba a kuma ban-ruwa da shi, ta yi tsaki ta ce ikon Allah sai kallo. Kwana uku muka yi. Ranar tafiya samira ta dawo da soyayyen kifi har murfi ba ya rufuwa. Na kalli Kaka ina washe baki, ta ce in rufe haƙorana, tafiya ba ta ƙare ba.

Daga nan muka bi ta wata ƙasa mai fadama, fararen dawakai suna kiwo cikin ruwa, tsibin gishiri ya yi fari fat a rana. Iska tana shigowa mota da ɗanɗanon gishiri, ƙanena yana lasar hannunsa. A Montpellier muka sauka wurin wani malami ɗan Tawa da ke karatun likitan dabbobi, shi da amaryarsa a ɗaki ɗaya tal. Ban san yadda muka shiga ba, amma mun shiga. Maza suka koma wurin wani abokinsa, mu mata muka baje tabarma. Amaryar ba ta da komai, na gani da idona, firijonta ruwa ne da albasa. Duk da haka da za mu tafi, Kaka ta ɗaga murfi ta tarar da ƙullin ganyen shayi da goro biyu a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta daɗe tana sa wa yarinyar albarka.

Na ɗauka an gama. Ina! Muna hawa hanya ta ce, "Waɗannan ai namu ne, da tarbiyyar gida suka zo. Gobe karatu ya ƙare su tattara su koma. Faɗa wa ubanki masu ƙasar nake so in gani, su da za a bar ki a hannunsu."

Gida ɗaya ya rage, kusa da Sète, kuma na Turawa ne. Wani tsoho ne da suka yi aiki da Baba a ma'ajiya, ya yi ritaya ya koma garinsu yana kamun kifi. Ƙaramin gida ne mai jan rufi, da bishiyar ɓaure a baya, rassanta har sun kwanta kan katanga. Tsohon ya rungume Baba yana bubbuga bayansa. Matarsa gajera ce mai faɗin murya, magana take kamar tana faɗa ko da alheri take faɗi. Sun kwashe kwalaben giyarsu sun kai gareji tun kafin mu zo, kifi kaɗai aka dafa, kuma tsohon ya riga ya tambayo inda gabas take, ya ja layi da alli a kan daɓen baranda. Kaka ta ga layin nan, ta yi salla a kansa.

Ta miƙa samira, wannan karon da kilishi da ƙullin daddawa. Tsohuwar ta ɗaga murfi, warin daddawa ya buge ta, ta ja da baya, sai kuma ta fashe da dariya, ta ɗauko wani cuku nasu ta kai wa Kaka hanci. Kaka ta yi salati ta toshe hanci da gyale. Daga nan suka ɗinke. Kwana biyu suna zama a gindin ɓaure suna gyaran wake, wannan tana Hausa, waccan tana Faransanci, kowa tana gyaɗa kai kamar ta gane.

Ni kuwa abinci ma ba ya shiga. Ina Baturiya za ta san dokar kwanon Damagaram? Jimla ɗaya ce da Faransanci za ta cece ni, kuma a bakina take. Sau biyu ina bin tsohuwar zuwa kicin, sau biyu Kaka tana ƙwala mini kira in zo in danna mata ƙafa. Ta san ni sarai. Na tsani samirar nan a kwanakin, har na yi tunanin jefa ta teku.

Safiyar tafiya muka loda kaya. Tsohuwar tana ciki tana haɗa wa ƙanena burodi, sai mijinta ya fito da samira, an wanke ta tana ƙyalli, ya miƙo mini ta taga. Tun kafin ta sauka a cinyata na san abin da ke nan. Ba nauyi. Kaka ta sa yatsa ta ɗaga murfi, ta leƙa, ta mayar a hankali. Baba ya gani ta madubi, Mama ta juya fuska waje. Baba ya tada mota, hawaye suka fara zubo mini kan murfin.

Ba mu kai ƙarshen layin ba muka ji ihu. Tsohuwar ce a guje, takalmi ƙafa ɗaya, tana ɗaga hannu. Baba ya taka birki. Ta zuro hannu ta taga ta fizge samirar daga cinyata, ta juya kan mijinta da ke biye da ita yana haki, ta dinga zazzaga masa masifa a tsakiyar titi.

"Shekara arba'in muna tare, ba ka san ba a mayar wa mutane kwano wofi ba? So kake uwata ta juya a kabari? Ɗauko tsani!"

Na buɗe baki zan fassara, Kaka ta ɗaga mini hannu. Ba ta bukata. Ta buɗe ƙofa ta fita da kanta, ta bi su har gindin bishiya. Tsohon yana sama yana tsinka, matarsa tana ƙasa tana nuna masa waɗanda suka fi nuna, Kaka ta riƙe samira da hannu biyu ana zubawa. Sai da ta cika ta yi tozo, aka rufe da ganyen ɓaure don murfi ya ƙi zama. Tsofaffin matan nan biyu suka riƙe hannun juna, aka rasa mai fara saki.

Da muka yi nisa a hanya, Kaka ta ɗaga ganyen da ke kan samira. Ta ɓare ɓaure ɗaya, ta duba cikinsa kamar yadda ake yi a gida, ta ci, ta ba ni rabi. Sannan ta yi abin da ban taɓa gani ba. Ta dubi ƙeyar Baba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta bi ta kaina ba.

"Kai, kana da mutane. Riƙe 'yarka."

Kai, ranar nan! Na yi ihu har ƙanena ya firgita, Mama tana dariya tana share ido, Baba ya dinga danna oda a kan hanya ba dalili. Har muka iso Lyon hannuwanmu suna danƙo da zaƙin ɓaure.

Kaka ta koma Damagaram ita kaɗai, ta bar mini samirar. Ta daɗe da rasuwa yanzu, tsofaffin Sète ma haka, Allah ya jiƙan namu. Ni ma na zama uwa a wani benen, a Montreuil. Yau in an kawo maka abinci, cikin roba ake kawowa, a ce kada ka damu da mayarwa, ka jefar kawai. Ana ganin sauƙi ne aka yi maka, ni kuwa raina ba ya so, don in ba kwanon da zai dawo, ba dalilin sake ƙwanƙwasa ƙofa.

Shi ya sa jiya na sayi ɓauren nan, na zuba a samirar Kaka, na aiki 'yata wurin sababbin maƙwabtanmu na hawa na huɗu, waɗanda ko ƙasarsu ban sani ba. Na hana ta faɗa musu komai. Yau da rana aka aiko ta je ta karɓo kwano. Na tsaya a bakin ƙofa gabana yana faɗuwa, ni da furfurata. Sai na jiyo ta tun daga matakala tana ƙwala mini kira:

"Mama, zo ki kama mini, da nauyi!"