Ƙwallon Dabino Uku a Kife

Jiya da hantsi ina cin dabino, na zubar da ƙwallayen a faranti suka yi ƙwas. Ina dubawa na ga uku ne, kuma duka a kife, tsagar na kallon ƙasa. Sai da gabana ya faɗi. Ni da na ajiye jikoki, wai ƙwallon dabino ne ke faɗar min da gaba. Bari dai in gaya maka dalili, kada ka ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

A Bagadaza aka haife mu, ni da ƙanena. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa gari, kowa na sauke jinka yana buga kwano, Baba kuma kullum yana kan hanya da motar auduga. Namijin da muke gani a gida shi ne Kawu, ƙanen Inna. Daga yaƙin basasa ya dawo da yatsu biyu kacal a hannun hagu. Gadin wani sito yake yi, in ya dawo ya yi barcinsa sai ya zauna a rumfar zana da ke bayan ɗakin Inna, ba ruwansa da kowa. Manya na cewa yaƙi ya taɓa shi. Mu yara ko oho, domin shi ne ya ƙirƙiro mana wasan da ba a yin sa a ko'ina sai gidanmu.

Bayan azahar sai ya share yashi da tafin hannu ya zana ƙasa guda: ga gari da ganuwarsa, ga kogi, ga dajin da kuraye ke magana kamar mutane. Kowane yaro da mutuminsa a ciki. Ni mai magani ce, alamata wani farin dutse. Ɗan wani malamin makaranta Batangale, maƙwabcinmu, shi maƙeri ne, alamarsa murfin kwalbar lemo. Ƙanena kuwa mafarauci, Kawu ya ba shi wani kwanson harsashi da ya zo da shi daga yaƙi. Sauran mutanen ƙasar duk Kawu ne bakinsu, shi ne sarki, shi ne kura, shi ne tsohuwar bakin rafi. Zai ce ga ku a bakin daji, kun ji kukan jariri daga cikin kogo, me za ku yi? Ka faɗi abin da za ka yi, sannan ka watsa ƙwallon dabino uku a kan tabarma. Da wuri, irin kuɗin da, ya so a riƙa yi, Baba ya ce ba za a koya wa 'ya'yansa caca a gidansa ba, shi ne aka koma dabino. In tsaga uku suka kalli sama ka yi nasara. Biyu, ka sha da ƙyar. Ɗaya, ka ji rauni. In kuwa duka suka kife kana wurin haɗari, mutuminka ya mutu.

Kawu ba mai tsauri ba ne a sauran abubuwa. Duk dabarar da ka zo da ita, ko ba a taɓa jin ta ba, sai ya shafa gemu ya ce gwada mu gani. Maƙeri ya taɓa cewa zai ƙera wa kura haƙoran ƙarfe don ta bar mu mu wuce, Kawu ya yi dariya har da tari, ya yarda. In ƙwallo ya jingina da wani, bai kife ba bai buɗe ba, shi ke yanke hukunci, kuma sau da yawa mu yake ba gaskiya. Abu ɗaya ne ba ya taɓuwa: wanda ya mutu ya mutu. Za a tona rami a gindin katanga a binne alamarka, ka zauna kallo har Juma'a ta zagayo, sannan ka shigo da sabon mutum, baƙo, ba ko sanda a hannunsa.

Ni na ɗanɗana. Maciji ya sari mai maganina, ƙwallaye suka kife, na yi ta birgima a ƙasa ina ihu har Inna ta fito da muciya a hannu. Ta ce, “Haba, yarinya ce fa, ka tashe mata abarta mana.” Bai ko ɗago ba ya ce, “Yaya, in na tashe ta, gobe wa zai ji tsoron daji? Inda na je ba wanda aka tasa.” Ya binne dutsena ina kallo. Wallahi na yi kwanaki ban gaishe shi ba.

Kowa a cikinmu ya mutu ya sake, wani ma ba adadi, ban da mafarauci. Shekara ta zagayo kwanson nan bai shiga rami ba. Ƙanena ba ƙarfi gare shi ba, tun haihuwa ciwon ƙashi ke kayar da shi duk sanda sanyi ya shigo, amma wayo kamar zomo. Ya haddace kowace doka da Kawu ya taɓa furtawa, har yakan tuna masa in ya manta. Yaron da ba ya iya tsere da 'yan'uwansa a lungu, a cikin yashin nan shi ne jarumin gari, kuma ya san haka.

Daminar wannan shekarar ta zo da nauyi. Ruwa na dukan sabon kwanonmu har ba ka jin maganar na kusa da kai, ɗakuna na warin danshi, kwarin bayan unguwa na ta cin gidajen mutane. Ciwon ƙanena ya tashi irin wanda bai taɓa yi ba, idanunsa suka yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Aka kai shi asibiti ya daɗe, rannan sai ga shi an dawo da shi. Aka ce mana ya samu sauƙi ne, shi ma haka aka gaya masa. Na ga dai Inna ta daina yi masa faɗa, ana dafa masa ƙwai shi kaɗai, Baba ya ajiye mota ya zauna a gida. Ban gane komai ba, har kishi na yi.

Ran da rana ta ɗan leƙo, ƙanena ya ce shi a kai shi rumfa. Kawu ya ɗauko shi kamar jariri ya jingina shi da filo. Kafin ciwon, wasan ya tsaya ne inda kuraye suka sace tambarin gari suka haye kogi da shi, kogi kuma ya kawo. Muka ce a jira ruwa ya janye. Mafarauci ya ce shi zai haye yau. Kawu ya yi ta kewaye-kewaye, ya sa tsohuwar bakin rafi ta gargaɗe shi, ya sa sarki ya hana, yaron nan ya kafe. Ya karɓi ƙwallaye a hannunsa da ya rame, ya watsa. Duka uku suka kife.

Inna na bakin madafa da turmi, na ji taɓarya ta tsaya. Kawu ya daɗe yana kallon tabarmar, sannan ya nuna ƙwallo ɗaya da yatsun nan nasa biyu ya ce, “Wannan ya taɓa bakin tabarma. Ba a lissafa shi. Sake.”

Ni har na fara murna. Ƙanena bai miƙa hannu ba. Ya ce, “Kawu, ba mu da wannan dokar.”

“Yau akwai ta.”

Sai ya dubi Kawu, ya juya ya dubi Inna da ta kau da kai, ya dubi kwanon ƙwan da ke gefensa. Allah sarki, a kan fuskarsa na ga yana haɗa abin ɗaya bayan ɗaya, yadda yake haɗa dabara a cikin wasa. Mutumin da ya binne dutsena ina birgima, wanda Inna ta roƙa ya ƙi, yau shi ne da kansa yake ƙirƙiro ƙarya don kada mafarauci ya mutu. A hankali ya ce, “Ashe ba sauƙi na samu ba. Shi ya sa aka dawo da ni ko, Kawu?”

Kawu ya sunkuyar da kai. Duk gidan nan an iya ɓoye wa yaron, da ƙwai da murmushi da sannu, sai mutum ɗaya da bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ƙaryarsa ta farko ita ta tona komai. Ƙanena ya ɗauki kwanson ya miƙa masa ya ce, “To binne shi.” Bai yi kuka ba. Kawu ne ya yi, yana tona ramin da hannu ɗaya.

Daga ranar yaron ya daina tambayar yaushe zai koma makaranta. Bai kai yankan gero ba. Kawu bai sake zana komai ba, ruwa ya shafe garin da kogin da dajin. Da kaka ya bi wata mota zuwa Ikko neman aikin tashar jirgin ruwa, daga nan sai labarin rasuwarsa muka ji bayan shekaru.

Na daɗe ina jin haushinsa. Ina cewa da ya bar doka a yadda take, da ƙanena ya yi fushi irin nawa, ya jira Juma'a, ya tafi bai sani ba. Sai da na haifi nawa, na yi jinyar wani a cikinsu, na gane ko ni ce a kan tabarmar nan abin da zan yi ke nan. Amma har yau abin na ci min rai.

Yanzu a Pantami nake, gidan ɗana. Gidanmu na Bagadaza an rushe an yi shaguna, kwanson nan yana ƙarƙashin sumunti. Jiyan nan da nake gaya maka, jikana na gefena yana wasan yaƙi a waya. Sai ya ce, “Kash, na mutu!” ya yi dariya, ya danna, mutuminsa ya miƙe ya ci gaba da gudu. Ya ce in karɓa in gwada, wai ko na mutu ba komai. Na ce masa a'a, ya yi abinsa. Da na ga hankalinsa ya koma kan wayar, na sa yatsa a faranti na juya ƙwallayen nan ɗaya bayan ɗaya, har tsagar duka ukun ta kalli sama.