Gwiwoyin Gwadabe Mai Mandi

Gwadabe ya sauka Jidda a shekarar 1977, yana da shekara ashirin da huɗu da nauyin kilo hamsin da uku. An san nauyin ne domin a filin jirgin Kano ya hau sikelin kaya don ya gani, kafin ma'aikaci ya kore shi. Aikin hajji ya zo, ya kuma yi shi yadda aka ce a yi. Da aka gama, jirgin mutanen Haɗeja ya tashi ba shi a ciki. Bai taɓa cewa tserewa ya yi ba. Abin da yake faɗa har gobe shi ne jirgin ne ya yi gaggawa.

Shekara shida ya yi a unguwar Ruwais ba takarda. Waɗanda suka san shi a lokacin suna rantsuwa cewa in motar masu kame ta shigo layi, Gwadabe kan tsallake katanga da tukunya a hannu, miya ba ta zube ba. 'Ya'yansa ba su yarda da wannan labari ba, kuma duk wanda ya ga uban nasu daga baya ba zai ga laifinsu ba. A 1983 wani mai girkin bukukuwa ya zama kafilinsa, ya yi masa iƙama, wato takardar izinin zama. Tun daga ranar Gwadabe bai sake gudu ba, ko na wasa.

Sana'arsa mandi, wato rago da shinkafa da ake turarawa a rami, kitsen naman yana ɗiga cikin shinkafar. Ya iya ta har Larabawan unguwannin Safa da Madain Fahd ba sa sa ranar biki sai sun ji ko yana da sarari. Ƙa'idarsa ɗaya ce: tukunya ba ta barin hannunsa sai ya ɗanɗana, kuma da ludayi yake ɗanɗanawa. A babban biki akan ɗora tukunya goma sha biyu. Wannan a wurinsa ba cin abinci ba ne, aiki ne. Abinci shi ne gurasar tamis da wake da man shanu da safe, da tuwon da matarsa Zaituna ke ajiye masa in ya dawo, don kada ya manta da gida. Zaituna haifaffiyar Ruwais ce, ba ta taɓa taka Nijeriya ba, amma tana ganin mijin da ya rame shaida ce a kan matarsa, kuma ba ta da niyyar a yi shaida da ita.

Jiki ya karɓa. Tela ya daina auna shi, sai dai duk azumi ya ƙara taƙi ɗaya a kan na bara. Ba wanda ya ga aibu a ciki. In an haɗu da shi sai a kira shi da alkunyarsa a ce, “Masha Allah, Abu Idris, hutu ya zauna.”

Abu ɗaya Gwadabe yake taƙama da shi ban da mandi: wurinsa a masallacin layinsu. Sahun farko, daidai bayan liman, shekara ashirin da biyu. Ba a rubuta sunansa a wurin ba, amma ko baƙo ya tsaya nan, wani zai ja hannun rigarsa a hankali.

Wata la'asar a shekarar 2008 ya tafi sujada, gwiwarsa ta dama ta yi ƙara har na sahu na biyu suka ji. Liman ya ɗago, jama'a suka ɗago, Gwadabe bai ɗago ba. A zaune ya ƙarasa sallar, mutum uku suka tashe shi. Washegari ya tarar Hamad ladan ya ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu, jikin bango, kusa da tsofaffi biyu da ƙaraminsu ya haura tamanin. Ya zauna. Da aka yi sujada ya sunkuyar da kai iyakar inda tumbi ya bari, ya ga kafet can ƙasa, kamar wani gari da ya taɓa zama a ciki. Bai gaya wa kowa ba, amma ranar ko tuwo rabi ya ci. Wannan ne ma ya tsorata Zaituna ta kai shi asibiti.

Likitan, Abdulghaffar, Bahaushen Sudan ne, mai magana a hankali kamar yana auna kalmomi da cokali. Ya ɗora shi a sikeli, ya duba, ya sauke shi, ya sake ɗora shi.

“Ɗari da ashirin da takwas. Ya Hajj, gwiwoyin nan ba su da laifi. Don mutum ɗaya aka yi su.”

“Likita, abu ɗaya nake tambaya. Goshina zai sake taɓa ƙasa?”

“Ka ajiye kilo ashirin, sai mu yi magana. Shinkafa rabi, man shanu khalas, ka bar shi, shayi ba sukari. In za ka ɗanɗana tukunya, ƙaramin cokali. Sannan tafiya a ƙasa, awa ɗaya kullum.”

“Zuwa ina?”

“Ba zuwa ko'ina ba. Tafiya kawai.”

Gwadabe ya dubi Zaituna, Zaituna ta dubi likita. Ba su taɓa jin an yi tafiya ba zuwa ko'ina ba, amma sun ga takardun shaida a bango, sai suka yi godiya suka fito.

A nan ya kamata a san wani abu game da Ruwais. Dattijo mai iyali ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili: ko motarsa ta lalace, ko an yi rasuwa, ko an yi faɗa a gida. Duk Bahaushen da ke da mota ya wuce shi bai tsaya ba, za a yi maganarsa har wajen sunan jikansa. Wanda kuma ya shiga motarka, ba ka sauke shi a ƙofar gidansa sai ka biya da shi naka ya sha gahawa. Gahawa ba ta fitowa ita kaɗai.

Ranar farko ya fita bayan la'asar, da sabon takalmin roba. Bai kai shagon mai gurasa ba sai ga Muntaka, direban motar raba ruwa, Bakatsine, abokin wasansa tun zamanin tsallake katanga.

“Kai Bahaɗeje! Korar ka aka yi?”

“Motsa jiki nake.”

“To ai ga shi yana motsi, tun daga can na hango shi. Shigo.”

“Likita ne ya ce in taka.”

“Likitan zai zo ya tsaya min in aka ce na wuce ka a rana? Yalla, shigo, kana tare wa mutane hanya.”

Ya shiga. A gidan Muntaka aka kawo gahawa da dabino, aka kawo sambusa domin an riga an soya, aka kawo waina da miyar taushe domin matar gidan ta ji an ce Gwadabe ba ya jin daɗi. Ya ce an hana shi. Aka ce wannan ba abinci ba ne, taɓawa ce.

Ya canza hanya, ya bi ta bayan makaranta: wani tela ɗan Damagaram ya ɗauke shi. Ya canza lokaci, ya fita bayan asuba: mai kai gurasa shaguna ya ɗauke shi, ya ba shi biyu masu zafi don hanya. A ƙarshen wata ya koma asibiti. Ɗari da talatin da ɗaya.

“Kana tafiyar?”

“Kullum ina fita, likita.”

Shi da kansa ya yi tunanin mafita, kuma tunanin bai da laifi. Akwai tafiya ɗaya a ƙasar nan da ba mota a cikinta: sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, kai da komowa sau bakwai. Ranar wata Alhamis ya ɗaura harami, suka nufi Makka da Zaituna. Ɗawafi ya yi shi da kyar, yana hutawa. Yana tsayawa a Safa zai fara, sai ya ji an ce, “Baba Gwadabe!” Musbahu ne, magidanci ɗan garinsu, cikin masu tura alhazai a keken guragu. Shekarar da ya zo ba shi da kowa, a bakin ramin mandin Gwadabe ya ci abinci wata huɗu.

“Baba, ina raye ka taka wannan wuri da ƙafarka? Wallahi ba za a yi ba.”

“Musbahu, takawar nake so.”

“Na yi rantsuwa fa, Baba. A gaban Ɗaki. So kake in yi kaffara?”

Ba a sa mutum kaffara a Harami. Gwadabe ya zauna, keken ya yi ƙara, Musbahu ya kira abokin aikinsa suka kama tare. Haka aka yi sau bakwai, Zaituna tana biye da su a ƙasa, ba ta ko haki. Da aka gama aski, Musbahu ya ce gidansa ba nisa.

A hanyar dawowa, bayan sun wuce rabi, Zaituna ta juyo gare shi.

“Abu Idris, ka lura da wani abu? Duk cunkoson nan, ba wanda ya ce wa Musbahu ya zo a rage masa hanya.”

“Ai shi aiki yake.”

“Aiwa, abin da nake nufi ke nan.”

Kwana biyu bayan haka ta aro keken guragu a gidan wata maƙwabciya da surukarta mai keken ta koma Nijeriya. Ta sa abaya, ta riƙe jaka da carbi, ta zauna a ciki a ƙofar gida, ta ce, “Tura.”

Ba su yi nisa ba motar ruwa ta ci burki. Muntaka ya diro, ba wasa a fuskarsa.

“Subhanallahi! Hajiya, me ya faru? Yaushe?”

Zaituna ta kalli ƙasa ta ja carbi.

“Likita ya ce a riƙa fita kullum,” in ji Gwadabe. “Awa ɗaya. A ƙasa, ban da mota.”

Kowace kalma gaskiya ce. Muntaka ya dafa kafaɗarsa, ya ce Allah ya ba da lada, irinsa sun yi ƙaranci a zamanin nan. Ya koma mota ya bi su a hankali har kwana, sannan ya tafi. Ranar Gwadabe ya taka har inda ake jin warin teku, ya dawo rigarsa kamar an tsamo ta daga randa.

Kafin magariba labari ya gama Ruwais. Washegari mata suka fara zuwa dubiya: farfesun kaza, kunun gyaɗa, funkaso, basbusa, kowace da kwanonta. In an tambayi Zaituna inda ke ciwo sai ta ce, “Alhamdu lillahi, da sauƙi,” wanda shi ma gaskiya ne.

“Zaituna, wannan ba yaudara ba ce kuwa?” ya tambaye ta bayan sun watse.

“Ni na ce wa wani ba ni da lafiya? Zama na yi. Haramun ne zama?”

Ya miƙa hannu wajen funkason, ta janye kwanon.

“Na mara lafiya ne. So kake a ce kana cinye abincin dubiyar matarka?”

Wannan abin kunya ne da ko yunwa ba ta kai shi ba. Ya koma kan ganyensa da gasasshen kifi. Zubar da abincin mutane kuma ba kyau, don haka Zaituna ta ɗauki nauyin abin ita kaɗai, ba ta yi ƙorafi ba.

Wata tara suka yi a haka. Ya fara da awa ɗaya, ya kai biyu. Ta san duk ramin da ke titin, tana faɗa masa tun kafin su isa, tana kuma faɗa masa bayan ya faɗa ciki. Abin da ya ba shi mamaki shi ne, yana jin ƙarfi na ƙaruwa amma keken bai taɓa yin sauƙi ba. Ranar da Abdulghaffar ya ga ɗari da takwas a sikeli, ya cire tabarau ya goge. Sannan ya dubi Zaituna, wadda ta shigo da ƙafarta, ya ce ita ma ta hau. Ta ƙi. Ya rubuta wani abu a takarda bai nuna wa kowa ba.

“Ka gwada,” ya ce wa Gwadabe. “A hankali. Kada ka faɗa kamar buhu.”

Ya zaɓi azahar, lokacin da mutane ba su da yawa. Ya shiga ya wuce ƙarshen sahu bai tsaya ba. A bayan liman Muntaka ne tsaye, shi ya gaji wurin. Ya dubi Gwadabe sama da ƙasa, ya buɗe baki, ya tuna inda yake, ya matsa dama.

Aka yi ruku'u lafiya. Liman ya yi kabbara, Gwadabe ya sa hannuwa a gaba, ya sauke gwiwar hagu, ya saurara, ya sauke ta dama. Ba ta ce komai ba. Goshinsa ya taɓa kafet. Akwai sanyi a wurin, da ƙanshin turare, da ɗan yashi da tsintsiyar Hamad ba ta samu ba. Ya yi tasbihi uku, ya ƙara uku. Da liman ya ɗago, bai so ba.

Tashi zuwa raka'a ta biyu ne ya zo da magana. Ya yunƙura, ƙasa ta riƙe shi. Ya lalubo abin da ke kusa ya dafa da dukan ƙarfinsa, abin kuwa kafaɗar Muntaka ce. Haka aka yi har sau uku.

Bayan sallama Muntaka ya zauna yana murza kafaɗa.

“Bahaɗeje, ban san me likitanka ya ce ba, amma ni na auna. Saura goma.”

Gwadabe ya shafa addu'a, ya dubi inda goshinsa ya bar ɗan gurbi a kafet.

“Kada ka tashi,” ya ce. “Zan yi nafila.”