Ranar da Aka Karya Eriyar Baba

Kakata, mahaifiyar babanmu, ba ta taɓa sabawa da falo ba. Tun da Baba ya ɗauko ta daga Kaura Goje ya dawo da ita gidanmu na Nassarawa GRA ta ce kujerun nan masu laushi ciwon baya suke sa mata. A bayan gida take zama, gindin mangwaro, da tabarmarta da kurfotinta na gawayi. Ana idar da sallar isha'i ni da ƙanena Sadik da 'ya'yan kukunmu za mu kewaye ta, ta ɗora masara ko dankali a kan wuta, tana juyawa tana ba mu tatsuniya. A tatsuniyoyin Kaka mugu ba ya kai labari. Ko kura ta cinye shi, ko ƙasa ta tsage ta haɗiye shi, ko ya koma jaki. Da wannan tabbacin muke zuwa kwanciya.

Baba kuwa injiniyan lantarki ne, kuma yana da abin da Mama take kira haukarsa. Wata rediyo ce irin wadda ake magana da ita, ba sauraro kaɗai ba. Masu sha'awarta a ƙasashe daban-daban suna kiran juna su gaisa, su yi hirar yanayi da na'urori. Yana da lasisinta, ya sa shi a gilashi ya rataye a ɗakinsa. Abin da ya rasa shi ne eriya mai kyau, sai ya ce zai haɗa da hannunsa.

Na tuna Asabar ɗin da ya dawo daga kasuwar Ƙofar Ruwa da bututun alminiyam a bayan mota, kowanne ya ɗan fi ɗan'uwansa siranta, yadda za su riƙa shiga cikin juna. Ya zauna a garejin yana awo, yana yanka da zarto, yana huda da ɗaure noti. Warin dalma ya cika tsakar gida. A gindin ya sa wani katako mai kauri don kada ƙarfen ya taɓa ƙasa, sannan ya yanko wayoyin jan ƙarfe da zai shimfiɗa a kan ciyawa su fita ta kowace kusurwa. Makonni ya yi yana ƙara tsawo yana ragewa, wani lokaci bai fi faɗin ɗan yatsa ba. Da ya gama, idan ya zare ta sai ta wuce rufin gidanmu, idan ya mayar da ita kuma sai ta shige jaka kamar ta 'yan wasan ƙwallo. Burinsa ya riƙa tafiya da ita ƙauye idan ya je aiki.

Da la'asar yake kafa ta a lambu, ya ɗaure ta da igiyoyi, ya jona rediyon da batirin mota. Ranar farko muryar wani dattijo ta fito tar daga wata ƙasa da ke bayan teku, Baba ya yi ta dariya kamar yaro. Cikin ɗan lokaci maƙwabta suka fara zuwa kallo. Manyan mutane ne duk, likita, alƙali, 'yan kasuwa. Su zauna a kujerun lambu, a kawo musu shayi, su ce a kira musu ƙasar da 'ya'yansu suke karatu su ji ko ana sanyi a can.

Maƙwabcinmu na jikin katanga, Alhaji Sambo, tsohon babban ma'aikacin gwamnati, shi ne bai taɓa zuwa ba. Ya aiko direbansa ya ce talabijin ɗinsa tana rawa duk lokacin da Baba yake magana. Baba ya je da kansa ya ba shi haƙuri, ya ce akwai ɗan abin da zai haɗa masa a bayan talabijin ɗin ya daina, kuma kyauta. Alhaji Sambo ya ce ba ya so a taɓa masa kaya. Lokacin mulkin soja ne. Daga baya muka ji abin da ya je ya faɗa wa hukuma: wai akwai wani mutum a layinsu da yake kafa ƙarfe da yamma ya ɓoye shi kafin gari ya waye, yana magana da 'yan ƙasar waje da wasu haruffa da lambobi.

Da rana tsaka jami'an tsaro suka zo, ranar Lahadi, cikin farar mota marar lamba. Malam Ado maigadi, wani dattijo ɗan Jigawa, ya tambaye su wa suke nema, suka kwashe shi da mari har hularsa ta faɗi. Baba ya fito da lasisin a hannu, babu wanda ya kalle shi. Suka zazzage jakar a tsakar gida. Ɗaya ya ɗauki bututun nan ɗaya bayan ɗaya yana sa gwiwa yana lanƙwasa su har su karye, ba don wani ya ce ya yi ba, don kawai yana iyawa. Suka ɗauki rediyon, suka tura Baba cikin mota ko takalmi babu. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallon layinmu. Labule yana motsi a benen likita. Ƙofar gidan alƙali ta buɗe kaɗan ta sake rufewa. Ko mutum ɗaya bai fito ba.

A daren nan ba mu zaci za a yi tatsuniya ba. Mama tana ɗaki tana kuka, ta tura direba gidajen 'yan'uwa. Amma ana gama isha'i Kaka ta hura gawayinta ta aika aka kira mu. Ba ta ɗora komai a kan wutar ba. Mafici ne a hannunta tana ta kaɗawa da ƙarfi har tartsatsi na tashi.

"Ku zauna," ta ce. "Ta yau ba ta da daɗi, amma sai kun ji ta."

Ta ce a wani gari an yi wani mutum mai son jin labarin duniya. Ya je bakin rafi ya saro gora, ya fafe cikinta, ya zura wannan cikin wannan har ta yi tsawon da tsuntsu yake hutawa a kanta. Idan ya kafa ta ya kara kunnensa a gindi, sai ya ji abin da ake yi a garuruwa masu nisa, inda aka yi ruwa, inda ake kiɗan biki, inda fatake suka sauka. Mutanen gari suka riƙa zuwa. Wannan ta ce a jiyo mata ko ɗanta ya isa lafiya, wancan ya ce a jiyo masa ko ayarin gishiri ya taso. Shi kuma ya kara kunne ya gaya musu, bai taɓa karɓar ko ƙwayar gero ba.

Sai maƙwabcinsa ya ce tun da aka kafa gorar nan kajinsa suka daina ƙwai. Mai gora ya ce zai matsar da ita can ƙarshen gona. Maƙwabci ya ce a'a. Ya sa babbar riga ya tafi wurin mai gari ya ce, abin da yake shigo da magana ai yana fitar da magana, asirin garin nan ya gama yawo a duniya. Mai gari bai tambayi kowa ba, ya tura ƙarti suka tattake gorar, suka ɗaure mai ita suka jefa shi a rami. Mutanen da suke zuwa tambaya kullum suna bayan dangarsu suna leƙe ta kafar kara.

A nan ta tsayar da tatsuniyar. Muka jira. Sadik ya gaji ya tambaye ta yaushe kurar za ta zo ta cinye maƙwabcin.

"Babu kurar da ta zo," in ji Kaka. "Ya ci tuwonsa ya kwanta."

Na ce to mutanen garin fa, ba abin da ya same su?

"Su ma sun ci tuwonsu. Da safe suka haɗu a hanya suka ce, Allah sarki, mutumin kirki ne. Tashi ku je ku kwanta."

Na tashi ina jin haushinta. Gani nake ta cuce mu, a ranar da muka fi bukatar a hukunta mugu ta hana mu.

Baba ya yi makonni kafin a sako shi, bayan wani kawun Mama ya yi ta zirga-zirga. Ba a tuhume shi da komai ba, ba a dawo da rediyon ba, ba wanda ya ce masa yi haƙuri kuskure ne. Ya dawo da kunnen hagu a toshe saboda duka, har ya rasu ba ya ji da shi. Mutumin da yake tsinto muryar wani daga bayan teku cikin ƙarar iska, sai ga shi yana juyo da kai yana cewa a maimaita. Maƙwabta suka yi ta zuwa jaje da manyan riguna. Har Alhaji Sambo ya zo, ya zauna a falonmu ya ce Allah ya kiyaye gaba, Baba ya ce amin ya sa aka kawo masa lemo. Kaka ce kaɗai da ya gaishe ta ta dube shi sama da ƙasa ta ci gaba da jan carbinta. Baba bai sake haɗa wata eriya ba.

Na daɗe ina ɗauka saboda Alhaji Sambo Kaka ta yi tatsuniyar. Sai da na girma na lura ta fi daɗewa a kan masu leƙe ta kafar kara. Shi mutum ɗaya ne mai ƙyashi, irinsa ba sa ƙarewa. Amma da likita ko alƙali ya taka zuwa bakin ƙofarmu ya ce ni na san mutumin nan, na sha shayi a wurin abin nan, ban ce lallai da sun bar shi ba, sai dai da sun san akwai mai kallo da zai iya magana. Ta ƙi ba mu kura ne don kada mu tashi muna jiran wani abu ya zo daga daji ya yi mana abin da mutane ya kamata su yi.

Ranar sadakar ukun Baba, ina cikin gida ina jiyo maza a rumfa suna yabonsa, kowa abu ɗaya yake faɗa, wai mutum ne mai haƙuri. Waɗanda suka ja labule su suka fi ɗaga murya. Alhaji Sambo ya tsufa ba ya iya fitowa, sai ya aiko da buhun shinkafa. Na sa aka ɗora shi a baro aka mayar masa. Mama ta yi mini faɗa sosai, ta ce ba a yin haka a gidan mutuwa, kuma mahaifina ya yafe tun tuni. Na ce mata na sani, nasa ya yafe. Abin da na gani ina tsaye bakin ƙofa nawa ne, kuma ban kai ga yafe shi ba tukuna.