Dabinon Kaka

Ni fa, in dai ido ne na bishiya, duk Damagaram babu na biyuna. Daga kan kabu-kabu nake hango dabino in gaya maka mace ce ko namiji, alhali sauran mutane sai sun jira shekaru ya yi fure. Haka nake faɗa a majalisa, har ranar da wani ƙamshi mai kama da na kullu ya tashe ni, ya mayar da ni gidanmu na Birni.

A tsakar gidan akwai dabino ɗaya. Kakata ce ta shuka shi da ƙwallon da ya rage daga guzurin kakana, na ayarinsa na ƙarshe daga Kawar. Kun san Zinder da ruwa: famfo yakan yi kwanaki yana tari babu ɗigo. Sai Kaka ta mayar da gindinsa wurin alwalarta, da wannan ruwan ya girma.

Babana kuwa lemun tsami da gwaiba yake so a wurin. Kullum sai ya tsaya ya dubi dabinon kamar baƙon da ya ƙi tafiya. A ƙarshe suka yi sharaɗi da Kaka: ranar da ya yi fure, in mace ce ta zauna, in namiji ne gatari.

Wani ƙarshen sanyi, ina shirin tafiya lakwal, makarantar boko, na ji ƙamshin nan. Kuben da ke can sama ya tsage, fure fari cunkus, gari yana zuba kamar ana tankaɗe. Namiji. Ko awaki sun daina tuƙa. Baba ya shiga ɗaki, sai muka ji ƙarar dutsen washi.

Kaka ta ja tabarmarta ta shimfiɗa a gindin, ta jingina bayanta da kututturen, ƙaiƙayi da komai.

"Inna, mun yi magana," in ji Baba, gatari a hannu.

"Mun yi. Sara. Ai ban riƙe ka ba."

Ba ta matsa ba. Shi ma bai ajiye ba. Rana ta ɗaga, inuwar ta gudu ta bar ta, gumi yana bin wuyanta, carbinta yana tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata ta kawo mata fura, ta ture da bayan hannu. Na tsaya a bakin zaure da jakata.

Ana haka aka yi sallama. Wani dattijo ne daga Zango, yana haki. Yana da dabinai mata a lambunsa, duk sun buɗe, namijinsa kuma ya mutu bara. Labarin furenmu ne ya iske shi a masallaci.

"Maigida, kada ka sara! A yanko mini furen nan in ɗaura a cikin na matan, in ba haka ba bana ko ƙwallo ba zan gani ba."

Baba ya dubi gatarin, ya dubi uwarsa, ya jingine shi a bango a hankali. Tun daga shekarar, duk lokacin nunar dabino sai kwando ya zo daga Zango, Kaka ta raba wa kowa, na Baba a ƙarshe.

Yanzu wa ke jira? Mutum ya je wurin masu dashe ya ɗauko mangwaro mai aure, kafin ya gama fentin gida ya fara ci. Da na gina nawa gidan, uwargida ta ce a sa lemo, zogale da ciyawar shayi. Na ce dabino tukuna. Na ture ɗan reshen da mai dashen ya rantse daga jikin mace ya cire, na nuna wani na ƙwallo, na ce ganyen nan na mace ne. Shekaru ina shayar da shi ruwan bido, jarka bayan jarka, ina yi wa maƙwabta alkawarin buɗa-baki.

To, ƙamshin da ya tashe ni daga tsakar gidana yake. Mahaifiyata ta fito da sandarta, ta ɗaga kai, garin yana sauka a mayafinta. Ta daɗe tana kallo.

"Ita tsohuwa Allah ne ya ba ta namiji," in ji ta. "Kai kuwa da idonka ka zaɓo."